"Umma, wa ya ba su?" Rubutaccen shirinmu na wannan mako

Waɗanda suka ce datarsu ba ta kai ta sauraro ba, ga maganar nan an buga muku kamar yadda aka saba. Yau ni kaɗai ce, babu baƙo, kuma da labarin gidanmu zan fara. Na nemi izinin mai labarin, na kuma nemi izinin yaron da abin ya shafa. Za ku gane abin da ya sa na ce har da yaron idan mun yi nisa.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu 'yan Kiru ne, aure ya kai ta Tudun Wadan Dankadai. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu bai kwana a gida ba. Shekara uku da suka wuce aka sayo musu ragon layya tun saura sati biyu Sallah, ɗanta kuma, wanda lokacin yake da shekara huɗu, ya shaƙu da ragon nan. Shi ke kai masa dusa, shi ke ba shi harawa, har hira yake yi masa. Ranar da aka kayar da rago, yaro ya zube a tsakar gida yana birgima, ba riga, majina har baki, yana ta ihun "wayyo ragona". Yaya ta yi dariya har da hawaye, ta ɗauki waya ta yi masa bidiyo na 'yan daƙiƙoƙi ta ɗora a sitatus na WhatsApp. Mutum biyu ne a ranta: babansa da Sallah ta riske shi a hanyar Legas, da Innarmu a Kiru. Ni ma na gani na yi dariya, na tura mata "Allah ya shirya mana angon nan."

Bayan kamar wata biyar, ina makaranta a Kano, a guruf ɗin 'yan ajinmu ana musun ƙwallo. Wani aka ci ƙungiyarsa, sai wani ya jefa masa sitika. Na duba, wallahi sai da gabana ya faɗi. Fuskar ɗan yayata ce, baki a buɗe, an rubuta "wayyo ragona" a ƙasa. Na bi yaron ta bayan fage na ce a ina ka samo? Ya ce a wani guruf na 'yan unguwarsu. Wanda ya saka a can ya ce shi ma wani ɗan kasuwar Kwanar Dangora ne ya turo masa. Daga nan zare ya tsinke. Babu wanda ya san sunan yaron, babu wanda ya yi da mugun nufi, kowa dai ya ga abin dariya ya ajiye.

Yanzu yaron shekararsa bakwai. Watannin baya manyan yara a Islamiyyarsu suka gane shi ne, suka laƙaba masa sunan. Ya dawo gida ya ƙi cin abinci, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, can ya ce, "Umma, wa ya ba su?" Yaya ta ce mini ta fi minti biyar ba ta iya buɗe baki ba.

To kafin wani ya fara cewa ai matan yanzu ba su da aiki sai waya, a dakata. Ni ba zan zagi uwar da ta ɗora hoton ɗanta ba, don na san abin da wayar nan take yi wa mace irin Yaya. An ɗauke ki daga garinku an kai ki wani gari, miji yana kan hanya, uwarki ba za ta shiga mota duk mako ta zo ta ga jikanta ba. Ranar da yaro ya fara tafiya, wa za ki nuna wa? Ranar da ya haddace Fatiha fa? Sitatus ne ya zama tsakar gidan da kike haɗuwa da danginki. Akwai kuma masu sana'a. Na san wata a Bebeji da ke ɗinka kayan yara, 'yarta take sa wa ta ɗauki hoto, da wannan hoton take samun masu saye har daga Kano da Zariya, da kuɗin take biya wa yarinyar makaranta. Ka ce mata ta daina, sai ka kawo mata abin da za ta ci. Sannan mu faɗi gaskiya tsakaninmu mata, akwai na gasa. Faccala ta ɗora nata cikin shadda, ke ma sai kin ɗora naki. Dangin miji suna cewa ba kya kula da yaran, sai ki mayar da martani da hoto. Wannan ma yana nan, kuma duk mun san shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda Innarmu ta ɗauki maganar da muka kai mata. Ba ta san mene ne sitika ba, sai da na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa Yaya, "Ke da ko sunansa bai kamata a ji a bakinki ba." Ɗan fari ne fa. Matasa da yawa yanzu dariya abin yake ba su, amma a zamanin su Inna, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ko ɗaukarsa ba ta yi idan akwai manya a wurin. Kunya ake ce masa, ko alkunya. Wanda yake son ganin yadda abin yake a da, akwai littafin Baba ta Karo, wadda wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Baba ta tashi ne a yankin Zarewa, nan kudancin ƙasar Kano, kuma ta yi bayanin wannan kunya ta ɗan fari dalla-dalla.

Ni ba ina cewa mu koma can ba ne. Akwai 'ya'yan fari da yawa da suka girma ba su taɓa jin uwa ta yaba musu ba, kuma abin ya bar musu tabo, ku tambaye su ku ji. Amma ku lura da wani abu. Mutanen nan suna da tsari na wa zai san me, kuma yaushe. Ciki ana ɓoye shi har sai ya fito da kansa. An haihu, uba ya yi wa jariri huɗuba a kunne, sunan yana nan tsakanin mutum biyu ko uku har ranar bakwai, sannan a sanar wa duniya. Mai jego tana ɗaka har ta yi arba'in, mai son ganin jariri sai ya tako ya zo barka, kuma ba kowa ke shiga ɗakin ba. Shi kansa ginin gidan haka yake. Akwai ƙofar gida, akwai zaure inda baƙo namiji yake tsayawa, akwai tsakar gida, akwai ɗaki, akwai ƙuryar ɗaki. Kowa ya san iyakarsa ba tare da an gaya masa ba. Mai tallan manja yana da wurin tsayawarsa, kawu yana da nasa.

Waya ba ta da zaure. Duk wanda kika ajiye lambarsa ya ajiye taki, yana ganin sitatus ɗinki, idan ba ki gyara ba. Na sa Yaya ta buɗe wayarta muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ga mai kawo mata itace. Ga ɗan acaɓan da ya taɓa kai ta asibiti. Ga mai POS, ga wani da ta sayi atamfa a wurinsa sau ɗaya, ga lambobi kusan goma da ta rasa ma na su waye. Na ce Yaya, tsakaninki da Allah, ranar da yaron nan yake birgima ba riga a tsakar gida, da mai itace ya yi sallama, za ki ce ya shigo ya kalla? Ta ce Allah ya kiyaye. Na ce to ai ya kalla.

Wannan ita ce tambayar da nake so mu riƙe, don ta fi mini sauƙi a kan dogayen ƙa'idoji. Kafin ki danna, ki tambayi kanki: abin nan a wane ɓangare na gida ya faru? Yaro ya sha kwalliyar Sallah zai fita yawo, ai dama duk gari za su gan shi, wannan na ƙofar gida ne. Walimar saukar Alƙur'ani, an tara jama'a, na zaure ne. Amma wanka, fo, fitsarin kwance, kaciya, ciwo, kukan da aka yi bayan an sha bulala, sakamakon jarrabawar da ya zo na ƙarshe, waɗannan na ƙuryar ɗaki ne, kuma kamara ba ta sauya musu matsayi.

Yanzu mu zo kan tsoro, don idan aka tayar da maganar nan abu biyu mutane suke kawowa. Na farko kambun baka. Wannan ba zan ja da shi ba, ya tabbata a hadisi, kuma mun san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana nema wa Hasan da Husaini tsari. A Suratu Yusuf ma mun ga yadda Annabi Yaƙub ya hana ɗansa ba wa 'yan uwansa labarin mafarkinsa. 'Yan uwansa fa, ba baƙi ba. Sai dai yadda muke yi da abin yana ba ni dariya wani lokaci. Za ki ga an ɗora hoton jariri an rubuta "ku ce Masha Allah" da manyan baƙaƙe, kamar an kulle ƙofa, alhali a hoton ga katin asibiti da cikakken sunan uwa da ranar haihuwa a fili.

Na biyu shi ne masu garkuwa da mutane. Mu da muke kusa da dajin Falgore ba sai an yi mana bayani ba, mutanen Doguwa da Tudun Wada sun ga abin da suka gani a shekarun baya, lokacin da barayin shanu da masu satar mutane suka addabi hanyar nan. Amma ina so mu tuna Hanifa, Allah ya jiƙanta. Yarinya 'yar shekara biyar a Kano, aka sace ta a watan Disamba na 2021 a hanyar dawowa daga Islamiyya, aka gano gawarta a Janairun 2022. Wanda ya yi wannan aika-aika shi ne mai makarantar bokon da take zuwa, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. Ba a intanet ya gan ta ba. Ya san ta, ta san shi, ya san iyayenta, ya san lokacin da take tashi daga makaranta. Na kawo wannan ne don mu gyara inda muke kallo. Muna zaton haɗarin wani baƙo ne a wata ƙasa, sai mu ce ai ni 'yan uwa da abokan arziki ne kawai a wayata. Alhali abin da mugu yake buƙata shi ne sani: wace makaranta, ƙarfe nawa, wa ke rako, yaushe maigida ba ya gari, an sayar da masara ko shinkafa kuɗi sun shigo ko ba su shigo ba. Hoton yaro da rigar makaranta mai tambari a ƙirji, a ƙofar gidanku, an rubuta "Abbanmu sai ka dawo, muna kewarka", ya amsa uku daga cikin tambayoyin nan a lokaci ɗaya. Kuma a garin da kowa ya san kowa, ba a buƙatar adireshi, ganin katangar ma ya isa.

Akwai wata ƙofa da ba a cika maganarta ba, kuma a wajenmu ta fi Facebook girma. Shagon caji. Wuta ba ta samuwa, sai a ba yaro waya ya kai caji kasuwa, ta wuni a can, ba makulli ba komai. Ko a kai wa mai gyara, ko a kai memori wurin masu tura fina-finai. Ba na cewa duk suna leƙawa, yawancinsu neman halalinsu suke yi. Amma hoton da ba ki taɓa ɗorawa a ko'ina ba yana iya fita ta nan. Ki sa wa wayarki makulli, ki cire memori kafin a kai, wannan ba ya cin ko sisi.

Wani wurin kuma maganar tana da wuya, ba zan yi kamar mai sauƙi ba ce. Yaro ba shi da lafiya, asibiti sun yanke kuɗin da gidan ba su taɓa riƙewa ba. Mun sha ganin yadda hoto ɗaya a Facebook ya sa aka tara kuɗin aiki cikin kwana biyu. Wa zai ce wa uwar nan kar ta yarda a ɗauka? Rai ake magana. Sai dai mun kuma sha ganin hoton yaro guda yana yawo shekara da shekaru da lambobin asusu daban-daban, yaron ya warke ko ya rasu, 'yan damfara suna ci da shi. Idan dole ta kama, a rufe masa jiki, a nuna takardar likita maimakon tsiraici, a rubuta kwanan wata da lambar asusu a jikin hoton yadda ba za a yanke ba, idan buƙata ta biya a sanar a sauke. Haka masu rabon kayan marayu da sai sun jera yara sun riƙe leda a gaban kamara. Yaran nan za su girma fa. Cigiya ma haka take. Ranar da yaro ya ɓata, abu na farko da za a tambaye ki shi ne hotonsa na kwanan nan, kuma duk wanda ya tuna yaran Kano tara da 'yan sanda suka sanar da ceto su a watan Oktoba na 2019, waɗanda aka sace aka kai jihar Anambra aka sauya musu suna, ya san darajar a ce uwa tana da hoton ɗanta. Don haka a ɗauka, a ajiye. Ɗauka daban, ɗorawa daban.

Kar ku zaci mu kaɗai ne muke wannan lissafi. A Faransa, a watan Fabrairu na 2024, sun yi doka da ta ce kare hoton yaro nauyi ne a kan iyaye biyu, su riƙa shawara da shi gwargwadon shekarunsa, idan kuma suka saɓa alƙali zai iya hana ɗaya ɗorawa ba da yardar ɗayan ba. Ku yi tunanin wannan a wajenmu, inda aure yake mutuwa kowa ya riƙa ɗora yaran don ya ƙunsa wa ɗayan. A nan Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ce kamfani ko hukuma ba za su yi amfani da bayanan yaro ba sai da izinin iyaye. Wato doka ta ɗauka ke ce mai gadin ƙofar. A watan Yuni na 2024 kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta gano hotuna 170 na yaran Brazil a cikin wani tarin hotuna da ake koyar da ƙirƙirarriyar basira da shi, wasu an kwaso su ne daga shafukan iyali da aka ɗora shekaru da yawa baya, wasu har da sunan yaran. Iyayen nan lokacin da suke ɗorawa fasahar ma ba ta zo ba. Yau kowa ya ga yadda ake sa hoton mutum ya yi magana ko ya yi rawa. Fuskar 'yarki da kika ɗora tana shekara tara, ba ki san abin da za a iya yi da ita ba ranar da manema suka fara zuwa.

To me Yaya take yi yanzu? Ba ta daina ɗorawa ba, kuma ban so ta daina ba. Ta shiga wajen sirri na sitatus, akwai zaɓi uku a wurin: kowa da ke wayarki, ko kowa ban da wasu, ko kuma waɗanda kika zaɓa kawai. Ta ɗauki na ukun, ta ware mutum goma sha ɗaya. Idan tallan turarenta za ta ɗora sai ta buɗe wa kowa, idan yara ne sai ta mayar. Na ƙuryar ɗaki kuwa kai tsaye take tura wa babansu da Inna, ta ce kar a tura gaba. Na gaya mata ko wanda ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace ba tabbas ba ne, don ana iya ɗaukarsa da wata wayar, kuma masu manhajar sauke sitatus ba sa jiran awa ashirin da huɗu ta cika. Rigimar da ta fi ba ta wahala ma ba da baƙi ba ce, da ƙannen mijinta ne, masu zuwa su ɗauki yaran su zuba a TikTok da waƙa. Ta yi magana aka ce tana wulaƙanta dangi, wai 'ya'yansu ne su ma. Sai da maigidan ya dawo ya faɗa da bakinsa aka samu sauƙi. Maza masu sauraronmu, wannan aikinku ne, kar ku bar matanku su kaɗai da shi.

Ta kuma zaunar da yaron ta gaya masa gaskiya, ta ce ni ce na ɗora, ban san zai kai haka ba, ka yafe mini. Inna da ta ji ta ce ita ba ta taɓa ganin inda uwa ta ba ɗan fari haƙuri ba, duniya ta zo ƙarshe. Amma tun daga ranar, duk hoton da za ta ɗora sai ta nuna masa. Da ƙaramar Sallar da ta wuce ta ɗauke shi guda shida, ya zaɓi ɗaya, wanda ya gyara hula ya haɗe rai kamar hakimi, sauran ya ce a'a. Ta ce wanda yake dariya ya fi kyau, ya ce giɓinsa ya fito. Ba ta ɗora ba.

Da na ce masa zan ba da labarinsa a shiri, ya yi shiru, sannan ya ce, "Anti, kar ki faɗi sunana, kuma kar ki nuna." Shi ya sa ba ku ji suna ba. Sitikar kuwa tana nan tana yawo, makon jiya ma wata ƙawata ta turo mini ita da na ce mata an ƙara kuɗin mota. Idan tana cikin wayarku, kun dai gane ta, don Allah ku goge.